Takalmin da Bai San Tafiya Ba

Iya mai shara ce ta tsinci akwatin ƙuri'a da safiyar Lahadi, a cikin tankin ruwan da ke bayan ofishin jam'iyyarmu. Ta je ɗibar ruwan goge daɓe, bokitinta ya bugi wani abu mai ƙarfi, ta leƙa ta ga takardun zaɓe ɗari huɗu da 'yan kai suna yawo a kan ruwa, tawadarsu ta narke ta rine tankin ya koma shuɗi. Ba ta yi ihu ba. Ta garƙame ƙofar baya, ta zagayo ta same ni a bakin zauren taro ina kakkaɓe taɓo daga ƙafata.

"Magatakarda," ta ce, "zo ka ga juyin juya halin naku. Ya sha ruwa har ya ƙoshi."

Ni ne mai rubuta bayanan taro na wannan reshe. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta tarihin gwagwarmayar ma'aikata, na fito ina zaton da hannuna za a rubuta babi na gaba. Sai ga shi shekara uku ke nan abin da nake rubutawa bai wuce wane ya zagi wane ba, wane kuma ya nemi a janye zagin. Jam'iyyar da aka kafa domin leburori da 'yan dako ta rabe gida biyu a kan tambaya guda: za mu shiga haɗaka da jam'iyyar 'yan kwangila a zaɓe mai zuwa, ko za mu tsaya mu kaɗai? Masu cewa a'a suna zama a hagun zaure, jagoransu Dokta, wanda ya koyar da ni a jami'a. Ƙa'idarsu ce ba sa taka ofishin jam'iyya sai da takalmin taya irin na leburori, don haka ake ce musu 'yan taya. Masu cewa e suna zama a dama, a bayan Lauya, da takalma sau-ciki masu sheƙi, sunan da ya bi su ke nan. A jam'iyyarmu ba sai mutum ya buɗe baki ba, ƙafarsa ake kallo a san aƙidarsa.

Ranar Asabar aka kaɗa ƙuri'a, kuma duk wanda ya sunkuyar da kai ya dubi layi ya ga taya ta ninka sau-ciki. Da aka zo ƙirga, Lauya ya miƙe da kundin tsarin mulki ya ce sashe na tara ya hana ƙirga bayan faɗuwar rana. Dokta ya yi minti arba'in yana tsine wa sashe na tara, sannan ya amince da shi, wai don kada maƙiya su sami abin faɗa. Aka kulle akwati a ɗakin ajiya sai da safe.

Ba a ɓalle kwaɗon ɗakin ba. Makullinsa kuwa ƙwaya ɗaya ne, kuma Baffana ne mai riƙonsa.

*

Baffa wan mahaifina ne. Shi ya buga takardar farko da jam'iyyar nan ta raba a bakin masaƙa shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ya sha ɗauri sau biyu a kanta, kuma katinsa na zama ɗan jam'iyya lamba bakwai ne. Ba shi da mata yanzu, ba shi da gida sai ƙaramin ɗakin da ke jikin ɗakin ajiya. Da silifa na roba yake yawo, saboda haka babu ɓangaren da ya ɗauke shi nasa.

Kafin ƙarfe goma, mutanen da suka shekara biyu ba su taɓa yarda da juna ko a kan lokacin tashi daga taro ba, sun haɗa baki a kan abu ɗaya. 'Yan taya suka ce sau-ciki ne suka saye tsohon. 'Yan sau-ciki suka ce ai tsohon ɗan tayar da ƙayar baya ne tun asali. Aka karɓe katinsa aka ajiye a kan babban tebur, aka ce kwamitin ladabtarwa zai zauna ƙarfe huɗu na yamma: a kore shi daga jam'iyya, a fitar da kayansa daga ɗakin, a miƙa shi ga 'yan sanda.

Na same shi zaune a bakin gadonsa, hannuwansa a kan gwiwa.

"Baffa, ina kake da asuba?"

"Masallaci. Daga can na zauna wurin mai shayi har bakwai, kamar kullum."

"Makullin yana jikinka?"

"Makullin yana inda ya kamata ya kasance."

"Ina ne nan?"

Ya ɗago ya dube ni da irin kallon da yake yi wa shafin da aka buga a karkace. "Ɗana, akwai abin da aka rantsar da mu a kansa tun ba a haife ka ba. Ban faɗa wa masu kulki ba, ba kuma zan faɗa wa masu biro ba."

"Za su kore ka."

"To."

Wannan "to" ɗin ya fi mini duk jawaban da na taɓa rubutawa nauyi. Na fito ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina fiye da haka, domin na san idan ƙarfe huɗu ta yi da hannuna za a rubuta korar, kuma na san zan rubuta ta da kyakkyawan rubutu.

*

A gindin katangar ofishin, ƙarƙashin wata rumfar kwano, akwai wani tsoho mai gyaran takalmi da kowa ke kira Mai Sawu. A da can aikinsa bin sawun shanun sata ne a daji, har idan ƙura ta lafa ya nuna wa masu dukiya ƙofar ɓarawo. Da ƙarfinsa ya ja baya ya shigo gari ya kama allura da zare. Ba shi da katin jam'iyya. Ya taɓa ce mini bai ga amfanin shiga zauren ba, tunda duk abin da ke cikinsa yana wucewa ta gabansa sau biyu a rana.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa, ɗan boko. An ce kun jiƙa makomar talaka."

Na gaya masa halin da Baffa yake ciki. Bai ɗago daga ɗinkin da yake yi ba sai da na ambaci ƙarfe huɗu.

"Mutum nawa suka taka bayan gidan?"

"Ban da ni da Iya, babu kowa. Iya ta kulle ƙofar, ta ce ba wanda zai kwaso mata taɓo."

"Ta goge barandar?"

"Ba ta sami ruwan ba."

Ya soke allurar a jikin hularsa, ya ɗauki wani siririn kara da ke jingine a bayansa. "Matar nan ta fi kwamitinku hankali. Mu je."

*

An yi ruwa kafin asuba, ƙasar bayan gidan ta yi laushi. Ni dai taɓo kawai na gani. Mai Sawu ya sa ni da Iya muka tsaya a kan dakali, shi kuma ya bi gefen katanga yana tafiya a hankali, hannunsa ɗaya a baya.

"Ga Baffanka," ya ce, yana nuna wa da kara. "Silifa, ya fita. Ka ga ɗige-ɗigen da ke cikin sawun? Ana sauran yayyafi ya fita. Ga kuma wani ya shigo, takalmin taya. Cikin nasa fes, babu ɗigo ko ɗaya, kuma a nan ya hau kan na Baffanka ya danne shi. Wa ya riga wani?"

"Baffa ya riga fita."

"Ashe jami'ar ba ta tafi a banza ba."

Muka bi sawun tayar. Ya shiga baranda, amma bai nufi ɗakin ajiya kai tsaye ba. Ya tsaya a gaban bencin da ke ƙarƙashin hoton waɗanda suka kafa jam'iyya, kuma a kan bencin akwai tambarin ƙafa ɗaya na busasshen taɓo. Mai Sawu ya miƙa karansa ya ɗaga gefen hoton. Ga ƙusa a bango, ga makulli yana lilo.

Iya ta riƙe haɓa. "Shekara goma sha ɗaya ina goge hoton nan!"

"Gabansa kike gogewa," in ji shi.

Daga ɗakin ajiya sawun ya fito da nauyi, dunduniya tana nutsewa, har zuwa tanki. Daga tanki ya yi sauƙi, ya koma baranda, ya sake fitowa ya bi ta ƙaramar ƙofar katanga zuwa lungun baya. A lungun mota ta tsaya ta bar shaidar ƙafafunta huɗu. A nan ne muka ga sawu na biyu: takalmi sau-ciki mai siririn baki, ya fito daga motar, ya taka har bakin ƙofar katanga, ya tsaya, ya juya ya koma.

Na ce, "Mutum biyu ne ke nan. Ɗan sau-ciki ya kawo ɗan taya, ya tsaya masa gadi."

Mai Sawu ya matsa kusa da sawun. Ya tsuguna, ya aza karansa tsakanin taku da taku na sau-cikin, ya karya tsinin karan daidai tsawon. Ya kai shi kan sawun tayar ya auna. Ya tsinci wani ɗan ɓarɓashin jar ƙasa a inda ƙofar motar ta buɗe, ya murza a tafin hannu, ya ƙulle a gefen rigarsa. Sannan ya daɗe yana kallon zanen da tayar ta bari, layi-layi masu kaifi kamar an zana da wuƙa.

"Ka kai ni in gaisa da manyanku," ya ce.

*

Mun fara da Guduma, shugaban matasan hagu, birkila ne mai faɗin ƙirji. Kowa ya ji shi ranar Asabar yana rantsuwa zai ƙona akwatin idan aka yi maguɗi. Mun same shi a tsakar gida yana koya wa mabiyansa sabon zagi.

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa!" ya ce. "Amma ni mahaukaci ne da zan zubar da ƙuri'ar da muka ci? Ku je ku tambayi masu ƙamshin turare."

"Ɗaga ƙafarka, ɗana," in ji Mai Sawu.

Guduma ya ɗaga. Ƙasan takalminsa ya suɗe sumul kamar tafin hannu, siminti ya cinye zanen tayar tun da daɗewa. Tsohon ya gyaɗa kai muka wuce.

Lauya yana ƙaramin ofis yana magana a waya biyu. Ya dubi Mai Sawu kamar yadda ake duban ɗigon miya a kan farar riga.

"Magatakarda, wane ne ya ba wannan izinin bincike? A wane sashe?"

"Gaisuwa ce kawai, ranka ya daɗe," in ji tsohon, idonsa a ƙasa. "Takalmin nan naka ya sha mai. Lamba nawa kake sawa?"

"Arba'in da biyar. Ka ƙara da cewa da asuba ina gidana, da shaidu."

"Ban tambaya ba, amma na gode. Har yanzu kana can kan tudu? Ba su zuba muku kwalta ba?"

"Za a zuba idan muka shiga gwamnati," in ji Lauya, ya juya mana baya.

A waje Mai Sawu ya ce mini, "Ƙafarsa ta yi girma. Ba shi ba ne." Na ji takaici, domin a raina na riga na gama yanke wa Lauya hukunci, har na fara tsara jimlolin.

Dokta muka samu a ƙarshe, a ɗakin karatu, kewaye da ɗalibai. Rigarsa ta kaki ce mai faci a gwiwar hannu. Na daɗe da lura cewa facin ba ya tsufa, amma ban taɓa barin tunanin ya kai ƙarshensa ba, domin mutumin nan shi ya fara sa ni kuka a aji da labarin mahaƙan da rami ya rufta da su.

"Kwamared Magatakarda," ya ce da taushin murya, "na san baffanka ne, kuma zuciyata tana tare da kai. Amma tarihi ba ya duba zumunci. Tsohon ma'aikaci ma yana iya zama makamin masu jari ba tare da ya sani ba."

Mai Sawu ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe a durƙushe fiye da yadda gaisuwa take bukata. Da muka fito bai ce mini komai ba sai, "Ƙarfe huɗun ta yi kusa?"

*

Zauren ya cika maƙil, hagu a hagu, dama a dama. Dokta da Lauya suna kan babban tebur, ni a gefe da littafina, katin Baffa a tsakiya kamar gawa. Baffa yana tsaye. Ba wanda ya ba shi kujera.

Lauya ya karanta tuhuma. Dokta ya nemi a yi wa tsohon sassauci a hukunci, a bar batun 'yan sanda, kora ta isa. Aka tafa masa. A nan na miƙe na ce sashe na goma sha biyu ya ba wanda ake tuhuma damar kawo shaida ɗaya. Wannan ne karo na farko da kundin ya yi wa wani talaka amfani a gabana.

Mai Sawu ya shigo da karansa. Ya faɗi yadda Baffa ya fita ana yayyafi, yadda mai taya ya shigo bayan ruwa ya ɗauke, ya hau benci, ya ciro makulli a bayan hoto. Dama ta ɓarke da ihu: "Taya! Ɗan taya ne!" Ya faɗi yadda sau-ciki ya fito daga mota a lungu. Hagu ta miƙe tsaye: "Munafukai! Su suka kawo shi!" Kujeru suka fara motsi. Mai Sawu ya jira har suka gaji.

"Mutum nawa ne suka san inda makullin yake kwana?" ya tambayi Baffa. "Ban ce ka faɗi wuri ba, na riga na gani."

Baffa ya ce, "A zamanin kame aka yi dokar. Makulli ba ya fita daga gidan, don kada a kama mutum da shi a aljihu. Mu tara muka rantse. Shida sun rasu." Bai dubi teburin da sauran biyun suke zaune ba, amma zauren duka ya duba.

"To," in ji Mai Sawu. "Kun ce mutum biyu ne. Ni na bi shanu shekara talatin, ban taɓa ganin biyu masu taku ɗaya ba. Ga kara, na auna. Tsawon takun sau-cikin da na tayar ɗaya ne. Dukansu ƙafar hagu tana buɗewa waje, dukansu dunduniyar dama tana ɗan ja. Kuma dukansu daga ƙofar direba suka sauko. Mutum ɗaya ne. Ya fito da sau-ciki, ya kai bakin ƙofa, sai ya tuna a inda yake. Ya koma mota ya sake takalmi."

Wani daga dama ya yi dariya. "Ɓarawo zai tsaya sake takalmi, ba mai ganinsa?"

"Ɓarawon kirki ba zai yi ba. Amma wanda ya shekara ashirin yana sakewa a bakin ƙofar nan, ƙafarsa ce take tunawa, ba kansa ba." Ya juya ga hagu. "'Yan taya, ku taimaka ku cire, ku kifa su a gabanku."

Guduma ne ya fara, cikin fushi, sauran suka bi. Na bar tebur na bi bayan tsohon layi-layi. Takalman 'yan dako ne da birkiloli da masu tura baro, duk sun suɗe, wasu sun huje, wasu an ɗaure da waya. Ban taɓa karanta littafin da ya faɗi gaskiyar jam'iyyar nan kamar waɗannan takalman ba. Muka ƙare layi, muka dawo gaban tebur.

"Saura kai, Malam," in ji Mai Sawu, yana duban Dokta.

"Wannan wasan kwaikwayo ne," in ji Dokta. "Ana so a karkatar da hankalin talakawa daga ainihin..."

"Cire, Dokta," in ji Guduma. "Ai mu mun cire."

Ya cire. Mai Sawu ya ɗaga takalmin sama ya juya ƙasansa ga jama'a. Zanen tayar yana nan layi-layi, da kaifinsa, da ɗanyen taɓo a tsakanin layukan.

"Ni na yanka wannan da hannuna, shekara huɗu ke nan. Rana ɗaya na yanka shi da na Guduma, daga taya ɗaya. Guduma ya cinye nasa, na sake masa ƙasa sau biyu. Wannan kuwa bai san tafiya ba. Daga mota zuwa mumbari, daga mumbari zuwa mota. A duk garin nan babu takalmin taya da zai bar zane irin wanda ke bakin tanki sai shi. Ɗan'uwansa sau-cikin yana ƙarƙashin kujerar direba, in ana so a duba." Ya kwance gefen rigarsa, ya zuba ɓarɓashin jar ƙasa a kan tebur kusa da katin Baffa. "Wannan daga sau-cikin ya faɗo. Ƙasar unguwarmu baƙa ce. Ja sai a kan tudu, inda ba a zuba kwalta ba. Daga can ya taho."

Idanu suka koma kan Lauya. Shi kuwa, da yake mutum ne da bai taɓa barin laifi ya kwana a kansa ba matuƙar akwai na kusa, ya miƙe da sauri.

"A rubuta! Ni ban ce ya jefa a ruwa ba. Cewa na yi a nemi hanyar sake zaɓen. Kujerar mataimaki da aka yi masa alkawari a haɗakar, shi ya nema, ba ni na kai masa ba."

Guduma yana tsaye ba takalmi, bakinsa a buɗe, kamar yaron da aka gaya wa wanda yake kira baba ba mahaifinsa ba ne. Na tausaya masa, domin fuskata ce nake gani.

Dokta ya gyara murya. Ya yi minti ashirin yana bayani a kan dabarar shiga cikin maƙiyi don a rusa shi daga ciki, da yadda talakawa wani lokaci sukan yi zaɓen da ya saɓa wa muradinsu na tarihi. Jimlolin suna da kyau. Na gane wasu daga ciki, na taɓa haddace su don jarrabawa. Yana magana ƙafarsa ɗaya babu takalmi, kuma tafin ƙafar fari ne tas, mai laushi.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da jam'iyyarmu ta fi ƙwarewa a kai. Lauya ya kawo ƙudurin cewa a bar maganar a cikin gida saboda haɗin kai. Dokta ya goyi baya. Aka kafa kwamiti mai mutum bakwai, aka ɗage zaɓe sai abin da hali ya yi, aka wanke Baffa daga zargi tare da yaba wa daɗewarsa a gwagwarmaya. Lauya ya sunkuyo ya ce in rubuta cewa ruwan sama ne ya lalata akwatin. Na rubuta abin da Mai Sawu ya faɗa, kalma da kalma, har da tsawon karan. Na san za su yage shafin, shi ya sa na danna biro sosai yadda zai fito a shafi uku na ƙasa.

Baffa ya tako ya ɗauki katinsa. Ya hure jar ƙasar da ta taɓa shi, ya goge a ƙirjinsa, ya sa a aljihu. Sannan ya wuce baranda, ya ɗaga hoton a gaban kowa, ya ciro makullin, ya zura shi a igiya ya rataya a wuyansa.

"Baffa, dokar fa?" na ce masa.

"An yi ta ne lokacin da masu kama mu suke waje," ya ce, ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa.

*

Bayan mako guda Dokta ya tare ni a lungun baya. Bai yi maganar abin da ya faru ba. Ya miƙo mini takalmin tayarsa a baƙar leda ta tagar mota, ya ce don Allah in kai wa tsohon nan mai gyaran takalmi, in gaya masa ya kankare ƙasan da wuƙa ko ya goge a kan dutse, yadda dai zai yi kama da na sauran. Ya kira ni ɗalibinsa mafi hazaƙa. Na karɓa, domin ina so in ga ƙarshen abin da idona.

Mai Sawu ya buɗe ledar, ya juya takalmin, ya bi layukan da babban yatsa. Iya tana shara a kusa, ta dakata ta jingina da tsintsiya.

"Me ya ce a yi masa?"

Na faɗa. Iya ta yi tsaki mai tsawo ta ci gaba da shararta.

Tsohon ya mayar da takalmin cikin leda, ya ƙulle bakin da kyau, ya miƙo mini.

"Ka ce ina gaishe shi. Ka ce wannan aikin ba a rumfata ake yin sa ba. Daga nan zuwa masaƙa tafiyar awa ɗaya ce, 'yan layinsa suna yin ta kullum sau biyu. Ya bi su shekara ɗaya, zai suɗe da kansa."

Na koma lungu da ledar a hannu. Motar tana nan, injin yana aiki, gilashi a rufe saboda sanyin ciki. Ban ƙwanƙwasa ba. Na ajiye ledar a ƙasa, taku goma daga ƙofar direba, a tsakiyar taɓo, na tsaya daga gefe in ga da wane takalmin zai fito ya ɗauka.